Firijin Sara Ya Ce Lafiya Lau

Ranar Talata da hantsi Gwaggo Kaltume ta kira Juwairiyya a waya daga Sara. Ko gaisuwa ba ta bari sun ƙarasa ba.

"Juwairiyya, ta bakwai ta mutu yanzun nan. Jar nan mai ciki."

"Ta bakwai me, Gwaggo?"

"Akuya mana. Awakin da kika matsa mini in kai a yi musu allura. Na kai, an yi, ga shi ciwon ya shigo gari suna zubewa kamar ba a taɓa yi musu komai ba."

Gwaggo Kaltume yayar mahaifin Juwairiyya ce. Tun da mijinta ya rasu, awakin nan goma sha ɗaya su ne gonarta, su ne kuma rumbunta. Juwairiyya ta ajiye wayar a kan tebur. Ta san a ina aka ajiye maganin da aka yi wa awakin, ta kuma san wanda ya ɗauki alhakin cewa maganin yana da kyau. Ita ce.

Shekararta biyu tana aiki a wani ƙaramin kamfani na Alhaji Ƙasimu a Birnin Kudu. Kamfanin yana haɗa firij mai aiki da hasken rana, yana kafa wa ƙungiyoyin masu kiwo don ajiye maganin rigakafin dabbobi. Maganin ba ya son zafi. In ya daɗe ba cikin sanyi ba, ƙarfinsa ya tafi, ko da kwalbar tana nan garau a ido. Saboda haka a jikin kowane firij akwai 'yar na'ura da ba ta wuce akwatin ashana ba, da wata siririyar waya mai auna zafi da ke shiga ciki. Juwairiyya ce ta rubuta wa 'yar na'urar umarnin da take bi.

Ta yi amfani da wani laburare na manhaja, wato tarin umarni da wasu suka riga suka rubuta, wanda ke mayar da 'yar na'urar ta zama ƙaramar saba: a tambaye ta, ta ba da amsa. Mai allura zai zo da wayarsa, ya haɗa ta da firijin, wayar ta aika tambaya ta HTTP, ƙa'idar da wayoyi da saba suke magana da juna da ita. Laburaren ne ke karɓar tambayar, amma amsar Juwairiyya ce ta gina ta da hannunta, kashi uku. Na farko lamba. Na biyu kanun saƙo, masu faɗin irin saƙon da tsawonsa, da gargaɗi ga wayar kada ta ajiye tsohuwar amsa ta nuna ta gobe. Na uku jikin saƙon, inda aka rubuta zafin cikin firijin da lokacin da aka auna. In sanyi yana daidai tun daga ranar da aka zuba magani, lambar 200 ce, fuskar wayar ta yi kore, a yi allura. In firijin ya taɓa ɗumama, ko ma'aunin ya lalace, lambar 503 ce, fuskar wayar ta yi ja, a dakata.

Mako uku ta yi tana gwada wannan. Ta tsoma ma'aunin cikin ƙanƙara, ta tsoma shi cikin kofin shayi, ta cire shi gaba ɗaya, ba ta taɓa ganin ya yi mata ƙarya ba.

Ba ta sanar da kowa a ofis ba. Ta saka kwamfutarta a jaka, ta shiga motar Gwaram, daga tasha ta hau acaɓa zuwa Sara.

A gidan Gwaggo ta tarar da awaki huɗu kwance ƙarƙashin rumfa, biyu daga cikinsu majina ta toshe musu hanci, bakinsu duk gyambo. Gwaggo tana durƙushe tana goge musu da tsumma da ruwan ɗumi. Ba ta ɗago ba.

"Ba ni kaɗai ba ce," in ji ta. "Je ki gidan A'i ki gani. Je ki bayan masallaci. Duk waɗanda muka yi layi ranar nan."

Juwairiyya ta nemo Malam Manu, mai yi wa dabbobi allura na ƙungiyar, dattijo mai furfura a gemu wanda ya shekara ashirin yana wannan aiki. Ya buɗe mata ɗakin da firijin yake, ya ciro wayarsa tun kafin ta tambaya.

"Malama, ga shi ki gani da idonki. Mutane suna cewa ni na cuce su, wai ruwa na ɗura wa dabbobinsu. Ni kuwa ban taɓa huda kwalba ba sai na ga kore."

Fuskar wayar kore ce shar. Digiri huɗu.

Juwairiyya ta buɗe murfin firijin ta sa hannu. Cikinsa kamar cikin tulun da ya wuni a rana. Ta leƙa bayansa ta ga batirin ya kumbura, gefensa ya tsage.

"Yaushe ya daina sanyi?"

"Da rana yakan ɗan yi, in dare ya yi kuma ya ɗauke. Na gaya wa injiniyanku tun cikin damina. Ya ce hannun mutum ba ma'auni ba ne, in bi abin da na'ura ta faɗa. To ni wa? Ku ne kuka yi karatun."

Ta zauna a kan benci, ta buɗe kwamfuta, ta aika wa 'yar na'urar tambaya kai tsaye, ba ta hanyar wayar ba, don ta ga amsar tsirara. Layin farko ya fito: 200 OK. A jikin saƙon, zafi 4.0. Lokacin aunawa kuwa babu shi sam. Ta sake tambaya. Amsa ɗaya, tsawo ɗaya, ko harafi bai canza ba. Ta miƙe ta fizge wayar ma'aunin daga jikin na'urar, ta riƙe ta a hannu tana reto, ta sake tambaya.

200 OK. Zafi 4.0.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Ta ɗaga masa wayar ma'aunin. "Malam, ma'aunin yana hannuna. Ba abin da ke haɗe da na'urar. Amma tana ce maka lafiya lau."

"Ta lalace ke nan?"

"Da lalacewa ta yi da na gode wa Allah. Wani ne ya koya mata."

La'asar ta yi kafin ta koma Birnin Kudu. Ta tarar da Zulkifli, babban injiniyan kamfanin, yana naɗe wayoyi zai tashi. Shi ne ya koya mata liƙa wayoyin lantarki da dalma lokacin da ta fara aiki, kuma ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ta ajiye kwamfutar a gabansa a buɗe.

"Injiniya, wa ya taɓa amsar firij?"

Ya kalli fuskar kwamfutar, ya kalli ƙofa.

"Zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Wa ya taɓa?"

Ya ce shi ne. Cikin watan Agusta, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu, ya zagaya firij goma sha huɗun duka da sunan sabunta manhaja. Bai goge aikinta ba. Layi ɗaya ya ƙara a samansa: duk tambayar da ta zo, a aika 200 da 4.0, a rufe. Umarninta na nan a ƙasa yadda ta bar shi, sai dai ba a taɓa isa gare shi.

"Batiran da aka sayo ba su da kyau," in ji shi. "Da hadari ya yi kwana biyu sai ja ta ko'ina. Ƙungiyoyi suna kiran Alhaji safe da yamma. Ya ce in tsayar da jan nan kafin a canza batir. Na ce masa na ɗan lokaci ne."

"An canza?"

Ya girgiza kai.

"Wata uku, Injiniya. Lambobi nawa ne a cikin laburaren nan? Da ka sa ta ce ban sani ba. Da ka kashe ta ma gaba ɗaya, Malam Manu zai sa hannu ya ji zafi ya bi hankalinsa. Amma ka zaɓi lambar da ke nufin na duba, na tabbatar. Ka sa dattijo ya ƙaryata hannunsa."

"Ina da iyali, Juwairiyya."

"Gwaggona ma tana da. Bakwai sun mutu."

Ta wuce shi ta shiga ofishin Alhaji Ƙasimu ba tare da ta jira a yi mata iso ba. Alhaji yana waya. Ya ɗaga mata hannu, ta tsaya har ya gama. Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ta gani a Sara, bi da bi, ba ta rage komai ba.

Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"'Yata, dabba takan mutu. Da allura, ba allura, ajali in ya zo ya zo. Wa zai rantse cewa firij ne?"

"Ni zan rantse, Alhaji. Na sa hannuna a ciki."

"To, na ji. Batir na hanya. Mako mai zuwa baƙi suna zuwa daga Kano, mutanen da suka ba mu aikin nan, za su zaga su duba. In sun tafi, ki mayar da abinki yadda kike so, ba mai hana ki."

"Jibi Alhamis akwai allura a Surko. An yi shela, za a kawo dabbobi daga ƙauyuka huɗu."

"Sai a yi."

"Da wane magani?"

"Da wanda ke cikin firij." Ya dube ta sosai. "Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake riƙe kamfani ba. Mutum goma sha biyu ke ci a nan. Baƙin nan suka ga ja, an rufe mu. Ke za ki ciyar da su?"

"Alhaji, sunana ne a kan wannan aiki. Matan Sara ba su san batir ba, ba su san kamfani ba. Ni suka sani, 'yar ƙanin Kaltume, wadda ta ce musu na'ura ba ta ƙarya."

"To ki bar faɗin haka," in ji Alhaji, ya ɗauki wayarsa.

Ta fito fuskarta na zafi kamar an mare ta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bai ma ji kunya ba.

Ranar Alhamis tun da sassafe ta isa Surko, kafin mai allura ya iso. Ta nemi shugaban ƙungiyar, Malam Abdulsalami, wani manomi dogo mai magana a hankali, ta ce masa tana da magana. Ta gaya masa komai.

"Firijin naku ne, Baba, ba na kamfani ba," ta ce. "Ba zan taɓa shi ba sai ka yarda. In ka yarda zan cire layin ƙaryar, na'urar ta faɗi abin da ta gani. Wataƙila kore ne. Ban sani ba."

"In kuma ja ne?"

"Ba za a yi allura yau ba."

Malam Abdulsalami ya leƙa waje. Fili ya fara cika. Mata da igiyoyi a hannu, maza da tumaki a kan babur, wasu sun taso tun asuba. Ya daɗe yana kallo.

"Cire," ya ce.

Ta haɗa kwamfutar da 'yar na'urar da igiyar waya, ta goge layin Zulkifli, ta tura umarnin. Fitilar na'urar ta ɗauke, ta dawo. Ta aika tambaya. Layin farko ya fito: 503. A jikin saƙon, zafi digiri ashirin da uku, da lokacin da aka auna, minti guda da ya wuce. Ta ce wa Malam Abdulsalami ya duba wayarsa. Fuskarta ja ce kamar gauta.

Shi ya fita ya sanar, amma ita aka yi wa ca. Wani mutum mai raguna biyar ya ce ya bar girbin dawa ya zo, yanzu a ce masa wata yarinya ta danna kwamfuta ta hana. Wata mata ta ce jiya ma kore ne, ɗanta ya gani, to me ya canza cikin kwana ɗaya in ba ita ta ɓata shi ba? Hayaniya ta tashi har awakin suka fara tsinke igiya.

Juwairiyya ta shiga ɗakin, ta ɗauko kwalbar magani ɗaya daga cikin firijin, ta fito ta danƙa wa matar a tafin hannu.

"Inna, taɓa ki ji. Wannan yanzu na ciro shi. In kika sayi ƙanƙara aka ba ki haka, za ki karɓa?"

Matar ta juya kwalbar, ta kara ta a kumatu. Ta miƙa wa ta kusa da ita. Kwalbar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, hayaniyar na raguwa.

"A Sara an yi allura da irinsa," in ji Juwairiyya, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Mutane suka koma gida da kwanciyar hankali, suka saki dabbobinsu cikin na kasuwa, domin sun ɗauka an tsare su. Gwaggona ta rasa bakwai. Gara ku koma gida kun san ba a yi ba, ku killace su, da ku koma kuna zaton an yi."

Mai ragunan ya tambaya wa ya sa na'urar yin ƙarya. Ta ce kamfanin da take wa aiki. Ya ce ita ma ai a cikinsu take. Ta ce haka ne.

Malam Abdulsalami bai jira kowa ba. A nan tsaye ya kira shugaban ƙungiyar Unguwar Ya, shi kuma ya kira na gaba. Cikin kwana huɗu Juwairiyya ta zaga firij goma sha huɗun a kan acaɓa, kowanne da izinin masu shi. Tara suka yi ja. Biyar suka yi kore, kore na gaskiya, amma ko su ta ce a zubar da tsohon maganin, tun da ba wanda ya san abin da ya same shi a watanni ukun da na'urar ta yi tana rufa-rufa.

Ranar Asabar saƙo ya shigo wayarta daga Zulkifli, layi biyu: Alhaji ya ce kada ta dawo ofis, ta aiko da makullin ɗakin aiki. Ta aika.

Baƙin Kano suka zo, suka ga ja. Ba a rufe kamfanin ba. Malam Abdulsalami, wanda yake wurin, shi ya ba ta labari: Alhaji ya tsaya gabansu ya ce binciken da kamfaninsa ya gudanar da kansa ne ya gano matsalar batir, kuma na'urarsu ce ta tsayar da allurar Surko, wanda ya nuna ingancin aikinsu. Baƙin suka yaba, har suka ɗauki hoton jan. Da Malam Abdulsalami ya buɗe baki zai yi magana sai aka ce lokaci ya ƙure, akwai sauran wurare.

Juwairiyya ta ji wannan tana tsaye a tsakar gidansu da tsintsiya a hannu. Ta yi jifa da ita har ta haura katanga.

Cikin mako biyu aka canza batiran, aka kawo sabon magani. Ƙungiyoyin kuwa suka yi taro suka yanke cewa daga yau ba wanda zai sake haɗa kwamfuta da firijinsu sai Juwairiyya tana wurin, su za su riƙa ɗaukar nauyin zuwanta. Abu na farko da ta yi shi ne ta sa wa kowace na'ura kalmar sirri, rabi a wurinta, rabi a wurin shugaban ƙungiya. Ta kuma gyara manhajar wayar, yadda duk amsar da ta zo ba lokacin aunawa a jikinta, ko da lambarta 200 ce, wayar za ta ƙi ta. Malam Manu ya sa aka tara mutane a Sara, ya ce ta maimaita bayanin a gabansu, domin har lokacin akwai masu kauce masa a hanya.

Ran da ta je yin bayanin, tana gidan Gwaggo bayan azahar, sai ga motar kamfani ta tsaya a ƙofa. Zulkifli ya yi sallama, aka ba shi izini, ya shigo yana jan buhun dusa, ya koma ya jawo na biyu. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, bai kalli inda Juwairiyya take ba.

"Inna, Alhaji ne ya ce a kawo miki. Ya ji abin da ya faru, yana jajanta miki."

Gwaggo ta dubi buhunan, ta dubi rumfa. Awaki uku ne suka rage.

"Ya ce laifinsa ne?"

"Ya ce... yana jajantawa."

"Kai fa? Kai ne injiniyan da ya ce wa Manu hannunsa ba ma'auni ba ne?"

Zulkifli ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Inna."

Juwairiyya ta miƙe. "Gwaggo, bari in sa a mayar masa da kayansa."

"A'a, zauna. Jawo su nan inuwa, yaro. Awakin ba su yi wa kowa laifi ba, za su ci." Ta jira har ya jingina buhunan da bango, ya miƙe yana karkaɗe riga. "In ka koma ka ce wa Alhajin na karɓi dusa. Ka kuma ce masa ban yafe ba. Ka faɗa masa yadda na faɗa, kar ka gyara."

Zulkifli ya ce to. Ya tsaya kamar zai ce wa Juwairiyya wani abu, ita kuwa ta juya ta ɗauki jakarta, domin mutane sun riga sun taru a ƙofar ɗakin firij, Malam Manu ya aiko sau biyu.